Ƙofa ta Arba'in da Bakwai

A Hull, can bayan tashar jiragen ruwa,
akwai wani dogon gini mara taga,
ƙofofin ƙarfe jere reras.
Tawa ce ta arba'in da bakwai.
Fam sittin nake biya duk wata
don kayana su kwana a miƙe,
ni kuwa ina gyangyaɗi a kujerar bas.

Kina tambaya me ke ciki, Liyatu?
Leshi goma sha ɗaya, almakashi bai san su ba.
Takalma masu tsini, ƙafata ta kumbura ta fi ƙarfinsu.
Tukwanen da zan ɗora ranar buɗe gida,
benen da nake ginawa a Zonkwa shekara tara,
wanda ta waya kaɗai nake shiga cikinsa.

Lahadi ta zo, na sayar da ita,
don ladan aikinta ninki ɗaya da rabi ne.
Na ce, Ubangiji, yi haƙuri sai na yi rufi.
Na yi rufi. Na ce, bari in sa tayil.
Na sa tayil, sai katanga ta ce ita fa?
Tulu mai huda a gindi nake ta ɗura wa ruwa,
ina yaba wa kaina ƙwazo.

A gidan tsofaffin da nake aiki
akwai wata, Edna, mai shekara casa'in da ɗaya.
Ta taɓa mallakar gida mai kallon teku.
Wani dare cikin Fabrairu ta riƙe mini yatsa,
ta ce, yi mini waƙa da harshenku.
Na ɗauko wadda muke yi a zumuntar mata,
baitin farko ya fito a daddafe,
na biyu ya ɓace mini ɓat.
Na san kuɗin buhun siminti na ranar,
na san canjin fam har na ƙarfe shida,
amma yabon Mai Cetona ya tsaya mini a maƙoshi.
Ta jira. Na yi shiru.
Kafin gari ya waye ta cika.

Ni na tattara kayanta.
Tabarau, matsefi, rigar sanyi ruwan toka,
hoton wani soja yana dariya.
Leda biyu, Liyatu.
Ta biyun ma ba ta cika ba.

Daga can ban nufi gida ba.
Na ɗaga ƙofar ƙarfen, ta yi ƙara,
na tsaya ina kallon shekaruna a ɗaure cikin kwali.
Ashe makullin da ke jakata
ba ni ke riƙe da shi ba.

Tukwanen na ba 'yan makarantar da suka zo bana.
Takalman suna shagon sadaka, wata za ta taka.
Na kira Zakka: a bar katangar nan,
matar marigayi Istifanus ta shiga ɗakunan ƙasa da yaranta.
Ya ce, lafiyarki kuwa?
Na ce, yanzu ta fara samuwa.

Ba zan yi miki ƙarya ba:
leshi ɗaya, shuɗin nan, hannuna ya ƙi saki.
Yana ƙarƙashin gadona.
Yesu ya san da shi, muna kan magana.

Jiya Lahadi na tafi sujada da ƙafa,
yayyafi na dukan fuskata, ba ko lema.
Aljihuna ba makulli, ba ya ƙara.
A benci na baya na zauna,
bakina na rawa kamar na mai koyon magana.
Can tsakiyar addu'a, ba tare da na nema ba,
baiti na biyu ya dawo,
ya zauna kusa da ni.