Ta Bayan Masallaci

Daga ƙofar gidana zuwa bakin kwalta
taku ɗari biyu ne, in ta gaban shagon Ilu aka bi.
Ni tun ɗaukewar ruwa nake zagayawa
ta bayan masallaci, cikin ƙarangiya,
har sawuna ya fitar da turba.
Yanzu awaki ma nan suke bi.

Ilu na da littafi mai baƙin bango,
shafi na sha huɗu nawa ne:
taki buhu biyu,
maganin feshi,
man gyaɗa ranar sunan Tasalla,
sai wata dubu uku da na manta dalilinta,
ita kuwa ba ta manta ni ba.

Na ce sai kaka. Kowa sai kaka yake cewa.
Ruwa ya ɗauke riɗi na cikin fure,
abin da na kakkaɓe bai kai wuyan buhu ba.

Sai ɗan ƙanwata ya zo daga Kano da waya:
Kawu, akwai masu ba da rance,
ba shaida, ba jingina, danna nan.
Na danna.
Kuɗi suka faɗo cikin kati kamar ƙanƙara,
kafin in kai su gida sun narke.
Sati biyu, dubu ashirin ta haifi bakwai.
Akuyata ma ba ta wannan haihuwa.
Kira da asuba, kira da isha,
saƙo har wayar surukina.

An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa.
Nawa a waje yake, ƙudaje na bi.

Wani dare Tabawa ta kwance gefen zani,
kwasar adashinta ce, ta wata bakwai.
Ba ta yi mini gori ba.
Cewa ta yi: kawo katin.
Ta jefa shi ƙasan kwalla, ta jera kwanuka a kai.

Na ja tunkiya zuwa Gujungu,
tana waiwaye, ban waiwaya ba.
Na fara sallamar masu waya,
don su ba su san gaisuwa ba.
Ragowar na kai wa Ilu.
Ya ƙirga, ya soke layi biyu,
ya ce: Barau, ai ko gaisawa ma riƙa yi.

Saura taki.
Shi ne babba, na sani.
Amma yau ta gaba na bi,
na ƙirga: ɗari biyu cif,
ba ƙaya ko ɗaya a wandona.