Mai Sayar da Fiya-fiya

Shekara goma sha tara ina kan bencin nan,
bakin Kasuwar Bacci, gefen masu gyaran rediyo,
ina ɗura fiya-fiya a ƙananan kwalabe.
A da, ɗigo uku a lungun ɗaki,
kafin a sallame Isha'i sauro ya zube kamar dusa.

Bana Tabawa mai koko ta dawo min da kwalbata,
ta dangwarar a gaban jama'a:
"Tanimu, ka fara surka shi da ruwa!
Jiya na zuba, suka kwana suna min goge a kunne."
Na rantse. Ba ta tsaya jin rantsuwar ba.

Ban surka ba.
Na koma Tudun Wada da maganar a maƙogwaro
kamar ƙayar tarwaɗa.

Kubura na tsakar gida tana tankaɗe,
littafin jami'arta a kife bisa turmi.
Ta ji labarin, ko dariya ba ta yi ba.
Ta ce, "Baba, maganinka yana nan yadda yake.
Sauron ne ba na da ba."

Ta ɗaga rariyar.
Gari ya wuce, tsaki ya tsaya a sama.

"Cikin dubu ba a rasa biyu ko uku
da aka haifa jikinsu na jure dafi.
Ba wayo ba ne, ba kuma koyo suka yi ba,
kamar yadda Yaya Sabo ya fito bahago
alhali nono ɗaya muka sha.
Kai ka kashe sauran.
Biyun nan suka wayi gari ɗakin nasu ne,
kwatar ma tasu ce.
Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe:
mako biyu sun yi 'ya'ya,
kafin damina ta ɗauke sun ga tattaɓa-kunne.
Lissafa min shekara goma sha tara."

Ban iya ba. Yatsuna sun ƙare.

Na ce, ikon Allah.
Ta ce, "Ni ma haka na ce.
Hanyar da abin ke bi kawai nake nuna maka."

Sai ta ƙara min wadda ta hana ni barci.
Wai akwai sauro iri biyu, kakansu ɗaya,
ido ba ya raba su.
Ɗaya ya saba da ruwan fadamar shinkafa mai daɗewa,
ɗaya sai ɗan ruwan da ya kwanta a sawun kofato,
wanda rana za ta lashe nan da 'yan kwanaki.
Kowa ruwansa ya tankaɗe shi.
Sannu a hankali, taron magaribarsu ya rabu,
auratayya ta yi wuya,
har masana suka ba kowa sunansa daban.

Na tuna dangin mahaifina da suka haye kogi
suka zauna Kakuri tun ina goye.
Yau in mun haɗu a mota, sai dai sannu.
Amma mu shekara hamsin ce kacal,
kuma akwai gada.

Da safe na je wurin Tabawa.
Na mayar mata da kuɗinta,
na ce ta nemi gidan sauro, ta yashe kwata.
Ta harare ni, ta zuba min koko ludayi biyu.
Ban faɗa mata cewa ni ne rariyar ba,
ni da kwalabena,
ni na yi kiwon waɗanda suka hana ta barci.

Yanzu magariba ta yi.
Biyu sun sauka a damtsena.
Na kai mari.
Ɗaya ya zama jan ɗigo a tafin hannu.
Ɗayan ya tashi kafin hannun ya iso,
ya yi sama wajen kwan lantarki,
cikinsa cike da jinina,
zai je ya zuba ƙwai.