Awon Don Baldomero

Peso dubu goma sha takwas na ba mai kanti a Puerto Montt,
kuɗin takalmin ruwan da ban saya ba.
Na cusa littafin cikin riga, na hau jirgin fito,
ruwan sama na dukan bayana har Dalcahue.
Ni na jiƙe sharkaf, shi ko ɗigo bai taɓa shi ba.

Shafi ɗari uku, duk kan yadda ake sa katako sheƙi:
wace samfefa ke bin wace,
man da ke shiga jijiyar itace, da wanda ke kwanciya a sama kamar baƙo,
hotunan tebura masu santsi, ƙuda in ya sauka sai ya zame.

Don Baldomero ya juya shi a hannu kamar mai tayin kifi.
Ya shinshina. Ya ce, "Ba ƙamshin itace."

A shagonsa tef ɗin awo na rataye a ƙusa,
gizo-gizo ya gama saƙa a kai tun ban yi wayo ba.
In ya ce rage, in ce nawa?
"Gashin gira."
In na zarce: "Gira na ce, Zulema, kin aske gashin baki."
Akwai farce, akwai farcen da aka yanke jiya.
Akwai ɓawon dankali,
akwai ɓawon da marowaci ya fere, ana hango rana ta cikinsa.
Akwai kaɗan, akwai ɗan kaɗan,
akwai "kar ki taɓa shi, ki dai tsorata shi."
Ƙarami a cikinsu duka, alkawarin ɗan takara:
ana jin labarinsa, ido bai taɓa gani ba.

Littafi ya ce kashi uku na mai, ɗaya na ruwan tsinka shi.
Shi ya ce zuba har gwangwani ya yi tari sau biyu,
ki ƙara kurɓin kyanwa.
Littafi ya ce a bar shi kwana guda a busasshen ɗaki.
Ya yi dariya har da dafa benci.
"Busasshen ɗaki! A tsibirin nan?
Mutumin nan safarsa ba ta taɓa yin funfuna ba."

Na bi littafi a kan kujerar Señora Eduvigis.
Na auna da sirinji, na tsare agogo.
Kwana uku tana danƙo.
Matar ta zo, ta zauna gwaji, ta miƙe da kujera manne a baya.
Bai ce uffan ba. Fito kawai ya yi ta yi har yamma,
gara ma a ce zagina ya yi.

Ran Litinin littafin ya ɓace.
Ran Juma'a na tarar da shi ya kumbura da garin katako,
gefen shafuka cike da fensir, rubutu kamar sawun ƙaguwa.
Rabin milimita: ɓawon marowaci.
Shafawa siririya: man shanu a ƙarshen wata.
A shafi na casa'in, an ja layi biyu:
nan ya yi gaskiya, ban san wannan ba.
Inda aka ce a jira minti arba'in kafin a goge,
ya rubuta: har Ofelia ta kira cin abinci.

Shekara shida ke nan da binne Ofelia.
Amma kullum in ya shafa mai, sai ya zauna kan gungume,
ya zuba ruwan zafi a ƙoƙon mate, ya yi shiru,
can ya ɗaga kai ya dubi ƙofar gida,
ya ɗauki tsumma.
Na duba agogo a ɓoye. Minti arba'in da ɗaya.

Yanzu littafin na kan kanta, kusa da gwangwanin ƙusa,
shi ma ya samu aikin yi.
Jiya wani masunci ya zo neman akwati, ya tambayi zurfinsa.
Don Baldomero ya kanne ido ɗaya.
"Littafi huɗu," ya ce, "da gashin gira."