Sarkin Gaggawa

Kawu Nomau ya kawo shi daga Kalfu
cikin buhun albasa, kai a ɓoye.
Zabairu ya raɗa masa Sarkin Gaggawa,
don in ya bar zaure da hantsi
sai la'asar ya kai gindin bedi.

Muka saba da shi kamar ɗan gida.
Ɓawon kankana nasa ne, ganyen salati nasa ne.
Barira, mai shekara biyu da haƙora takwas,
ta kan buga bayansa kamar ƙwarya,
ta mayar da yatsun cikin baki.
Ni kuma ina dariya. Allah ya gani, ina dariya.

Daren Talata jikinta ya ɗau wuta.
Zawo bakwai kafin asuba,
idanu sun faɗa, kuka babu hawaye.
Na goya ta, na tare ɗan kabu-kabu,
Tawa duk tana barci sai karnukan Bilbis.

Kwana uku ruwa na ɗiga cikin hannunta
kafin lokotoro ya zo da takarda.
Ya ce, kuna kiwon wani abu?
Na ce kaji ma ba mu da su, sai kunkuru.
Ya ajiye biro.

Salmonela, in ji shi, a hanjinsa take kwana.
Shi lafiya lau yake yawonsa,
kashinsa ya bushe, ya bi ƙafa, ya hau ƙoƙo,
ya jira hannun da ya manta sabulu.
An ce yana son dambe ba shi da yatsa.
Ashe da yatsun 'yata ya kai naushin.

Kawu ya ce a mayar da shi daji.
Zabairu ya ƙi tuwo har kwana biyu.
Na dubi dabbar, tana tauna yakuwa,
ba ta san an kai ƙararta ba.

Yanzu yana da shingensa bayan ɗaki,
nesa da murhu, nesa da randa.
Tasar ruwansa ba ta gaisawa da kwanukanmu.
Zabairu na shiga, ya fito, ya tsaya ga buta,
sabulu har tsintsiyar hannu, har ƙarƙashin farce,
ina tsaye kansa kamar mai karɓar haraji.

Barira ta warke, kumatu sun dawo.
Da yamma ta kan riƙe karan shinge
ta ce masa zo, zo.
Shi kuwa ya taso da gaske,
kafin ya iso na ɗauke ta.