Ta Sha Biyu a Hoto

Mu goma sha biyu ne a hoton,
a farfajiyar gidan biki a Rayfield,
ranar da aka kai Uwani,
hadari yana haɗowa ta gabas.

Sha ɗaya muna cikin anko:
leshi ruwan goro, an yayyafa masa duwatsu
kamar an ɓarar da gishiri a tabarma,
hannun riga ya kumbura ya tokare maƙwabta,
ɗaurin kai kuwa, sai da na sunkuya
kafin tasi ta iya ɗauko ni daga Gangare.
Kwasar adashe biyu na zuba a yini ɗaya.

Ta sha biyun Goggo Tasalla ce,
can gefe, inda mai hoto ya kusa yanke ta.
Atamfa shuɗiya mai ƙananan ganye,
riga da zani, wuya zagaye, ba aiki,
farin mayafi da wanki ya mayar auduga,
'yan kunne kamar ƙwayar gero,
kwalli siriri, lalle iya farce,
da agogon da ta yi shekaru
tana ƙirga bugun jijiyar marasa lafiya da shi.

Na tuna na ja ta bayan rumfa:
"Goggo, ko in ara miki sarƙa?"
Ta zare allurar da ke shirin huda min kafaɗa,
ta soke ta daidai, ta ce,
"'Yar nan, biki na zo, ban zo tallan haja ba.
Tufa in ta fi mai ita baki,
ita za a gaisar, a wuce ki."

Sai ruwan Jos ya sauko, har da ƙanƙara.
Tsinin takalmina ya nutse a laka,
ɗaurin kai ya kwanta kamar jiƙaƙƙiyar kaza,
duwatsu suka bi kwata ɗaya bayan ɗaya.
Ita ko ta ɗan ɗage zani,
ta goya ɗan wata da mayafinta,
ta tsallake ruwan da takalminta shimfiɗaɗɗe
kamar mai zuwa gaida maƙwabciya.

Shekara goma sha bakwai ke nan.
Jiya 'yata ta zaro hoton daga ƙasan adaka,
ta yi dariya har da riƙe ciki:
"Mama, wa ya yi muku wannan aika-aika?"
Sai yatsanta ya tsaya a gefe.
"Wannan fa? Kamar yau aka ɗauke ta."

Bara Goggo ta koma ga Mahalicci.
Da muka buɗe akwatinta, kala bakwai muka samu,
bakwai kacal, bayan duk albashin da ta ɗauka,
kowane a ninke da karin dutsen guga,
da kanumfari ƙulle a tsumma a kusurwa.
Telanta ɗaya ne tun tana budurwa,
Malam Barau na Dilimi,
wanda ya haddace awonta kamar karatun allo.

Ni na ɗauki shuɗiyar.
Na kai wa ɗansa ya saki min gefe,
ya juya ta ciki waje, ya bi ɗinkin da babban yatsa,
ya daɗe bai ce komai ba.
"Hannun Baba ne. Dubi yadda ya bar rara,
ya san jiki yana canzawa."
Ya ƙi karɓar kuɗi.

Ranar Asabar na sa ta zuwa suna a Anguwar Rogo,
da sanyin safiya, hannuna a cikin mayafi.
Ba wadda ta taɓa zanin ta ce nawa yadi,
ba wadda ta tambayi wa ya ɗinka.
Wata tsohuwa ce kawai ta matsa min a tabarma,
ta dubi fuskata, ta daɗe tana duba,
ta ce, "Ke kuwa 'yar gidan wa ce?"