Lemon da Ya Tsallako Katanga

Fukafukan kaza goma sha huɗu na samo,
bayan awa uku a layi, rana na dukan ƙeyata,
nan Kardenas, inda iska ke warin gishiri.
Na ƙirga su sau biyu a kan tebur.
Ɗaya ya karye a gaɓa. Shi ne nawa.

Tafarnuwa dunƙule guda na ɓare da farce,
na zuba a ɗan turmin da uwata ta bari,
mai tsagaggen baki tun ina 'yar shekara tara.
Gishiri ya fara shiga, don kada ta yi tsalle,
sai kumin, sai busasshen oregano
da na murtsuke a tafin hannu.
Dakan ya tashi babana Eulaliyo daga gyangyaɗi.
Ya ce, "Odalis, moho kike yi?"
Wata uku rabonsa da kiran abinci da sunansa.

Amma moho ba lemo ai ruwan tafarnuwa ne.
Ba lemon zaƙi ba, ba ɗan ƙaramin na tsami ba,
wancan mai kaurin ɓawo, mai ƙuraje,
mai tsamin da ɗaci ke bi a baya.
Bishiya ɗaya ce a layinmu,
kuma a gidan Nereida take.

Shekara biyu ko gaisuwa ba ta haɗa mu,
tun daren da ɗanta da ƙanena
suka shiga kwalekwale ɗaya.
Nawa ya kira daga Tamfa.
Nata, har yau teku ba ta ce komai ba.
Ba faɗa muka yi ba.
Inda zan ajiye idona na rasa.

Reshe ɗaya ya tsallako katangarmu,
lemo biyar na lilo a kansa.
Da na miƙa hannu, shi ke nan.
Na goge tafina a gaban riga,
na zagaya ta ƙofa, na ƙwanƙwasa.

Ta buɗe. Ta rame.
Ta shaƙi iska, ta dubi yatsuna.
"Kifi ko kaza?"
"Fukafukai."
"To bakwai kike so. Biyar ɗin can ba za su isa ba."
Ashe ita ma tana ƙirga su.

Na matse su da hannu, ina tare 'ya'yan da yatsu,
ruwan ya gano yankan da na manta da shi a babban yatsa.
Na yanka albasa zobe-zobe,
na ɗora mai sai da ya fara rawa,
na juye a kan tafarnuwar, ta yi cuuu,
ƙamshi ya fita titi ba sallama.
Da ya huce na ɗebi kofi guda na ajiye gefe,
saura na cuɗe fukafukan da shi,
kowace gaɓa, kowane lungu na fata.

Uwata takan ce su kwana a firji.
Ƙarfe biyu aka ɗauke wuta.
Sai na sa kwanon cikin bahon ruwan sanyi,
na ba su awa biyu, na hura gawayi a tsakar gida.

Fata ta fara kumbura, ta yi ja, ta yi baƙi a gefe.
Mai na ɗiga, garwashi na amsawa.
Ina juyawa da cokali mai yatsu
na ji an taɓa ƙofa:
Nereida, da tukunyar dafaffen rogo,
da kujerarta a ɗaya hannun.

A duhu muka ci, da kyandir ɗaya.
Na zuba kofin da na ajiye a kan rogonta.
Baba ya tsotse ƙashi huɗu,
ya ce gishiri ya ɗan yi yawa.
Babu wanda ya ambaci teku.

Na nemi karyayyen ban gan shi ba.
Yana farantinta.
Ta riƙe shi da hannu biyu,
tana ci a hankali.