Kwalin Bor Sudan

Kwali ya iso Maiwurno a bayan motar albasa,
kawun Babikir ya aiko daga Bor Sudan,
mujallun zane fal, gefensu ya sha gishirin teku.
Na zube su a tabarma,
ajina ya rufa musu kamar kaji sun ga tsaba.

Ga wani ya ɗinka tutar ƙasarsu a ƙirji,
haɓa kamar dutsen niƙa,
shi kaɗai ke faɗa, shi kaɗai ake wa tafi.
Ga na mutanen tsibiri, yaro siriri,
sai ya sha ƙasa sau bakwai yake tashi,
kuma ba ya fita sai da abokai.
Na ukun mai gashin baki ne,
yakan durƙusa wa tsohuwarsa kafin ya keta gajimare.

Sammani ya ce, Malam,
ashe kowace ƙasa tana zana
wanda take so a ce ita ce.
Na ce, to ga alli, ga takarda, a ba mu namu.

Babikir ya zana dogo cikin farar jallabiya,
Nilu Fari na kwarara daga damansa,
Shuɗi daga hagu.
Ƙarfinsa? Yakan tsaya tsakiyar titi da azumi,
ya tare babbar mota da ƙirji
har sai matafiya sun sauko sun sha ruwa.

Sammani ya ce a'a.
Namu da ƙafa ya taho daga yamma,
shekara tara yana bin alƙibla,
tafin sawunsa ya fi bayan kada kauri.
Bai kai ba, ya yada sanda a bakin kogin nan,
sandar ta yi saiwa.

Sai gardama ta kaure:
wace tuta za a sa masa,
da wane harshe zai yi kirari?

Intisar ba ta tanka ba.
Da na leƙa, mace ta zana,
zane ya koɗe, murhu, kasko, ludayi.
Yara suka kwashe da dariya: ina fiffiken?
Ta ce, tukunya ɗaya, baki goma sha uku,
har da waɗanda suka zo mana da ƙunshin kaya kawai,
ba wanda ya kwana da yunwa.
Tana ciniki da Larabci,
tana faɗa da Hausa,
kuka kuwa ban san da wanne take yi ba,
ban taɓa gani ba.

Na dubi zanen da kyau.
Wannan wushirya, wannan tabon wuta a hannu,
mai ƙosan bakin kwalekwale ce.
Innata.

Da yamma na kai mata.
Ta goge hannu, ta riƙe shi nesa da ido,
ta daɗe.
Ta ce, hancin ya yi yawa.
Je ka ɗebo mini gawayi.